Tagwayen kwalekwale da sana'ar gyara

Na san akwai wanda zai ga kan wannan rubutu ya ce: me ya haɗa kifi da kaska? Ƙasarmu ba ta da bakin teku, kuma da yawa daga cikinmu iyakar saninmu da jirgin ruwa shi ne kwalekwalen masunta da ake hangowa daga bisa gadar Kennedy a Yamai. Gaskiya ne. Sai dai ƴan kasuwarmu da suka yi shekaru suna safara tsakanin nan da Kwatano da Lome sun san cewa shinkafar da muke ci da motar da muke hawa duk ruwa ne ya ɗauko su. Ban da haka, abin da nake so mu tattauna sana'a ce da kowa ke taƙama da ita a nan gida, wato gyara. Na taɓa ganin yadda ake gyaran wani irin jirgi da Turawa ke kira katamaran, kuma tun daga lokacin kalmar gyara ta yi mini nauyi a baki.

Bari in fara da bayanin jirgin. Sunan ya fito ne daga harshen Tamil na kudancin Indiya, inda masunta ke ɗaure gumagumai da igiya su shiga teku, ma'anarsa kuwa itacen da aka ɗaure. Mutanen tsibiran tekun Pasifik su ne suka gwanance wajen jera kwalekwale biyu su haɗa su da itace, kuma da irin wannan ne kakanninsu suka isa Hawayi da Niyu Zilan tun kafin Turawa su san da waɗannan wurare. Katamaran na yau haka yake: dogayen kwalekwale biyu sirara, an gitta musu azaru sun haɗa su, a tsakiya an kafa dogon jigo wanda ake ɗaura wa ƙyallen iska. Jirgin iska mai ciki ɗaya yana da dalma ko ƙarfe mai nauyi a ƙarƙashinsa, ta yadda in iska ta karkatar da shi, nauyin ya maido shi tsaye. Katamaran ba shi da wannan nauyi. Faɗinsa ne ke riƙe shi, kamar ɗan kokawa da ya buɗe ƙafafu. Shi ya sa ya fi sauƙi, ya fi gudu nesa ba kusa ba. Amma kowace riba da kuɗinta: in ya kife, ya kife ke nan, ba ya tashi da kansa; duk kilon da aka ƙara masa yana rage masa gudu; sannan idan igiyar ruwa ta ɗaga kwalekwalen dama alhali na hagu yana gangarawa, azarun nan ne ke shan murɗa, dare da rana, shekara da shekaru.

A shekarar 2017 na yi ƴan watanni ina samun horo a wata jarida da ke birnin Rennes, a lardin Bretagne na yammacin Faransa. Daga nan zuwa San-Malo, tsohon garin matuƙa jirgi mai ganuwar dutse, tafiyar kamar awa guda ce a jirgin ƙasa. Mahaifin wani abokin aikina, tsohon makanikin jirgin ƙasa da ya yi ritaya, yana da katamaran mai tsawon mita goma a wani filin ajiye jirage kusa da bakin kogin Rance, an ɗora shi bisa gumagumai. Ƙirar ƙarshen shekarun 1970 ne. Ya saye shi a kan kuɗin da bai kai na sabon babur ɗin kabu-kabu ba, kuma kada mai karatu ya yi mamaki. A can kowane wata sai mai jirgi ya biya kuɗin wurin ajiya, katamaran kuwa saboda faɗinsa ya fi tsada, don haka mai tsohon jirgi yakan yi murna in ya sami wanda zai karɓe masa wahala. Jikin irin waɗannan jirage an yi shi ne da saƙar zaren gilashi da aka jiƙa da danƙon masana'anta, abin da ba ya ruɓewa kamar itace, ba ya tsatsa kamar ƙarfe, sai ya yi ta zama. Yawansu ya sa a 2019 Faransa ta kafa tsari na musamman don farfasa waɗanda suka gama yayi. Dattijon ya ƙi yarda nasa ya shiga wannan layi. Ni kuma, da yake ba ni da abin yi ranar Asabar, na zama ɗan riƙe masa fitila.

Ranar farko na zaci za mu ɗauki burushi. Sai ya miƙo mini ƙaramar guduma da guntun alli, ya ce: «Yaro, yau saurare za mu yi.» Muka bi jikin jirgin taƙi bayan taƙi muna ƙwanƙwasawa. Inda yake lafiya, ƙarar takan fito tsaf. Inda ya rabu daga ciki ko ya sha ruwa, sai ka ji ta mutu, dum. Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa tana zaɓen tulun Miriya a kasuwa, tana buga shi da ɗan yatsa ta kara kunne, ya san wannan ilimi. Duk inda ƙarar ta mutu, sai mu zagaye shi da alli. Kafin la'asar saman jirgin ya koma kamar allon ƴan makaranta.

Abin da ke ƙarƙashin allin shi ne ya fi ba ni mamaki. Domin a rage nauyi, masu ƙira sukan yi daɓen jirgi hawa uku: fatar gilashi a sama, fatar gilashi a ƙasa, a tsakani kuma wani itace marar nauyi mai suna balsa, wanda aka fi samowa daga ƙasar Ekwado. Muddin itacen a bushe yake, daɓen yana da ƙarfin gaske. To amma duk wanda ya mallaki jirgin cikin shekara arba'in ya huda shi ya ɗaura wani abu, wannan ƙugiya, wancan fitila, kuma ta kowace huda da ba a toshe da kyau ba ruwa ya sami ƙofa. Da dattijon ya yanke fatar sama a wuri guda ya ɗaga, abin da muka tarar ya fi kama da jiƙaƙƙiyar dusa, baƙa, mai wari. Na ce: «Baba, teku ta cinye shi.» Ya girgiza kai. Ashe ruwan gishiri bai cika ruɓar da itace ba, gishirin ma yana hana ƙwayoyin ruɓa sakewa. Ruwan sama ne ya yi ɓarnar, a hankali, lokacin da jirgin ke zaune a tudu ana ganin yana hutawa.

A ƙasa kuma, inda jiki ke zama cikin ruwa, wata cuta ce dabam. Ruwa yakan ratsa fatar waje kaɗan-kaɗan, ya haɗu da ragowar sinadaran danƙon da ba su daskare ba, ya tayar da bororo kamar na ƙuna. In ka fasa ɗaya, ruwa mai warin tsami irin na binegar ya fito. Maganin ba shi da wata dabara ta ɓoye: a kankare fatar baki ɗaya, a yi ta wankewa da ruwan daɗi, a bar jikin ya bushe. Wahalar tana ga bushewar. Kowane mako dattijon yakan ɗora wata ƴar na'ura mai auna danshi, ya rubuta lamba da kwanan wata a jikin jirgin da kansa, ya koma gida. Lokacin da na zo ya riga ya yi wata huɗu yana jira, kuma har na bar ƙasar bai shafa komi ba. Maƙwabtansa a filin suna yi masa ba'a, suna cewa zai mutu kafin jirgin ya bushe. Ya gaya mini cewa wanda ya shafa sabon danƙo bisa jiƙaƙƙen jiki ya rufe ruwan a ciki ke nan, bayan shekara biyu bororon zai dawo, ga asarar kuɗi ga asarar aiki.

Akwai ƙa'idoji da ba ya wasa da su. Idan zai toshe rami, sai ya goge bakinsa ya kwantar da shi har faɗin gugar ya kai ninki 12 na kaurin jikin, domin sabuwar saƙa ta sami wurin kamawa. Rami kamar bakin kofi yakan koma kamar faifai kafin a fara cike shi. Danƙon epoksi kuwa ruwa biyu ne da ake haɗawa bisa ma'auni, in an kuskure ba zai daskare yadda ya kamata ba, kuma ba ya son sanyi, a lardin da rabin shekara sanyi ne da yayyafi. Ƙurar gilashin da ke tashi wajen guga tana shiga fata ta yi ta ƙaiƙayi har kwana biyu. Ƙaiƙayin gero wasa ne a kanta.

Amma abin da ya tsaya mini a rai noti ne guda ɗaya. Azarun an ɗaure su da manyan notuna na ƙarfen inoks, wanda muke cewa ba ya tsatsa. Kawunansu suna ƙyalli kamar jiya aka saye su. Dattijon ya ce sai an zare su duka an duba. Na uku da muka zare, da ya ɗan murɗa shi, ya karye gida biyu, tsakiyarsa ta zama kamar soso. Inoks yana kare kansa ne da wata siririyar fata da iska ke yi masa. Inda aka binne shi cikin danshi, iska ba ta kai wa, fatar ba ta sabuntuwa, sai ya ci kansa daga ciki alhali kansa na waje yana walƙiya. Wannan noti shi ke riƙe kwalekwalen hagu da sauran jirgin. Saboda irin haka ne ake sauya wayoyin ƙarfen da ke riƙe jigo bayan kamar shekara goma ko da ido bai ga aibinsu ba, kuma kamfanonin inshora da yawa sukan nemi shaidar an yi.

Duk abin da ya fita daga jirgin sai ya hau ma'auni, a rubuta shi a wani littafi mai baƙin bango. Masu shi na da sun cika shi da kabad na katako mai nauyi, da firiji, da tarkacen da ba a rasa ba. Dattijon ya fitar da fiye da kilo 400, kuma duk abin da zai koma ciki sai ya kawo hujjar zamansa. A littafin nan akwai kwanan watan kowane noti, da irin danƙon da aka sa a kowane wuri, da zanen inda aka yanke. Ya ce ba don kansa yake rubutawa ba, tunda shi ya sani. Don wanda zai karɓi jirgin bayansa ne, kada ya sha wahalar da shi ya sha wajen gano abin da na gabansa suka ɓoye.

A nan ne tunanina ya dawo gida, kuma ina roƙon makanikanmu kada su ɗauka da su nake. Wanda ya ga yadda ake tayar da Peugeot 504 da ta girmi direbanta a garejin Maraɗi ko Damagaram, da waya da ƙarfen da aka ƙera a maƙera, ya san hannu bai gagare mu ba. Matsalar tana ga mai kaya. Mu masu biya ba mu son biyan abin da ba a gani. Ka kai mota, makanike ya ce sai an buɗe an duba, ka ce a'a, a ɗaure ta kai ni Tawa tukuna. Ɗan kasuwa ya sayi babbar mota ta hannu, abin da zai fara kashe wa kuɗi shi ne fenti da rubutun da za a yi a bayanta. Ma'aikatan gwamnati kuwa sun fi ni sanin harabar da motoci ke kwance bisa duwatsu shekara biyar saboda ƙarfe ɗaya da ba a saya ba, da ginin da ake shafe wa farar ƙasa daren da babban baƙo zai zo alhali rufinsa na yoyo bisa takardu. Sabon abu yana da biki, ana yanke ƙyalle, ana ɗaukar hoto. Ban taɓa ganin an gayyaci ƴan jarida don an sauya notin famfon ƙauye ba, mu ma kuma da an gayyace mu, da wuya mu je. Littafin dattijon ma ya fi ba ni kunya: sau nawa sabon shugaban ma'aikata ke tarar da rubutaccen tarihin injin da ya gada?

A wannan bazarar ne kuma, cikin Afrilun 2017, aka saukar da wani babban katamaran a ruwa ƙarƙashin ganuwar San-Malo, garin duk ya ɗauka. Sunansa Energy Observer, tsawonsa mita 30 da rabi, faɗinsa ya kusa mita 13. Wanda ya gan shi lulluɓe da allunan hasken rana zai rantse sabo ne fil. Alhali ya girme ni. An ƙera shi a Kanada a 1983 bisa zanen Nigel Irens, ɗan Ingila, don matuƙin nan Mike Birch, sunansa na fari Formule Tag, tsawonsa lokacin mita 24 da ƴan kai. A 1984, cikin tseren Kebek zuwa San-Malo, ya yi fiye da mil 500 na teku cikin awa 24, wato ya haura kilomita 900, ya ɗara nisan Yamai zuwa Damagaram, da iska kaɗai. Daga baya Peter Blake na Niyu Zilan da Robin Knox-Johnston na Ingila suka karɓe shi, suka raɗa masa ENZA New Zealand, a 1993 suka nemi kofin Jules Verne, wanda ake bai wa jirgin iskar da ya fi saurin zagaya duniya ba tsayawa. An ɗauko sunan daga marubucin da ya yi littafin zagaya duniya cikin kwana 80. Karon farko wani abu ya fasa musu jiki a tsakiyar teku, suka juyo, Bruno Peyron ya ci da kwana 79. Suka gyara, suka ƙara masa tsawo, suka koma a 1994, suka gama cikin kwana 74 da awa 22. Shi Knox-Johnston ɗin, lokacin da ya yi wannan zagaye shi kaɗai a 1968 zuwa 1969, kwana 312 ya yi.

Daga nan jirgin ya yi ta sauya hannu da suna. A 1998 Tracy Edwards ta fita da shi da ma'aikata mata zalla, jigon ya karye a tekun kudu, suka haɗa na wucin gadi da abin da ya rage suka kai kansu ƙasar Shili. Tony Bullimore ya yi tseren zagaya duniya da shi. A 2010 ya kife a mashigin Gaskonya, aka ceci mutanen, aka jawo gangar jikin zuwa gaɓar Faransa, ta kwanta tana jiran masu farfasawa. Daga wannan hali ne aka ɗauko shi, Victorien Erussard, ɗan San-Malo, ya jagoranci aikin tare da injiniyoyin hukumar binciken makamashi ta Faransa. Suka riƙe kwalekwalen biyu, suka gina sabon ɗaki a tsakiya, suka sa injin lantarki, da na'urar da ke tace ruwan teku ta raba shi ta fitar da iskar idirojen, a adana ta a tankuna don ranar da babu rana. A 2019 aka kafa masa fukafukai biyu a tsaye masu kama iska, ya kai har tsibiran Svalbard kusa da ƙarshen arewacin duniya. Ya dawo San-Malo a watan Yunin 2024, bayan shekara bakwai yana yawon tekuna.

Ni da dattijon mun yi gardama a kan wannan jirgi, muna zaune bisa gungume muna cin burodi. A ganinsa an kashe shi. Jirgin da aka haifa don gudu, aka cire masa jigo, aka ɗora masa batura da tankuna har nauyinsa ya kai wajen tan 30, ya koma yana tafiyar raƙumi mai kaya: wannan, in ji shi, ɗaukar gawa ne a sa mata rigar wani. Na tuna masa da labarin da malaminmu na falsafa ya ba mu a ajin ƙarshe na lise, na jirgin Teze da mutanen Atina suka yi ta sauya wa katako ɗaya bayan ɗaya, har masana suka rasa ko shi ne ko wani ne. Ya ce shi bai yi lise ba, amma ya san jirgi da aikinsa ake gane shi.

Na fahimce shi, amma ban bi shi ba. Shi da kansa ya yanke kusan rabin daɓen nasa ya zubar, ya sauya notuna da wayoyi da ƙyalle, kuma bai taɓa shakkar cewa jirginsa ne ba. Wancan babban kuwa, tun kafin 2017 an riga an yanka shi an ƙara masa tsawo har sau huɗu. Jirgin da ya ci kofi a 1994 ma ba daidai yake da wanda ya fito daga Kanada ba. Abin da na ga ya cancanci yabo shi ne ƙirar farko. Mutanen 1983 sun yi aikin da bayan karo, da karayar jigo, da kifewa, da shekarun yasarwa, aka ƙwanƙwasa aka ji har yanzu da sauran ƙara, har masu kuɗi suka yarda su ɗora dukiyarsu a kai. Mike Birch ya rayu har 2022, ya ga jirginsa a sabuwar kama. Peter Blake bai gani ba, ƴan fashin ruwa sun kashe shi a bakin kogin Amazon a ƙarshen 2001.

Jirgin dattijon bai shiga ruwa ba sai bazarar 2019. Ɗansa ne ya ba ni labari ta waya. An shafa masa fenti cikin kwana uku, a makon ƙarshe, fari ba ado. Daren farko tsohon ya ƙi komawa gida, ya kwana a ciki da tocila, yana tashi duk bayan awa biyu yana ɗaga allunan ƙasa. Kwalekwalen dama a bushe ƙayau. A na hagu, wajen asuba, ya tarar da ruwa kamar cikin kofin shayi. Ya tsoma yatsa ya kai baki, bai ji gishiri ba. An yi yayyafi cikin dare. Ya rubuta a littafin, da gari ya waye ya ɗauki buta ya hau sama, yana zuba ruwa bisa ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, ɗan kuma yana ciki da tocila yana jiran ya ga ta inda zai ɗigo.